Iskar Da Na Ɓoye Masa

Assalamu alaikum masu bibiyata. Kwana tara ke nan ban leƙo ba, kuma na ga saƙonninku, har da masu tambaya ko an ɗaura aure ne ban gayyace su ba. Ba a ɗaura ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, don wannan karon ba wani ne ya yi mini laifi ba, ni na yi. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Najla, shekarata ashirin da bakwai, ina gaban iyayena a Nassarawa GRA, ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani a nan Kano. Don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni.

Dole in fara da Yaya Haidar, wana, shi kaɗai ne namiji a gidanmu. Matuƙin jirgin yaƙi ne. Shekara huɗu da suka wuce ya tashi atisayen jefa bam a wani fili can bayan gari, bai dawo ba. Takardar binciken da aka kawo wa Abba ta ce jirgin lafiyarsa ƙalau. Idonsa ne ya kafe a kan inda zai jefa bam ɗin, ya yi ta sauka yana son ya daidaita saiti, kafin ya ɗago hancin jirgin ƙasa ta riga ta iso shi.

A ɗakinsa na bayan gida, gindin mangwaro, ya bar wata na'ura da ya haɗa da hannunsa, simileta, wato wadda ake kwaikwayon tuƙin jirgi da ita a kwamfuta. Kujerar tsohuwar mota ce ya ɗaure a kan katako, da allo uku a gabanta, sandar tuƙi a dama, totur a hagu, feda biyu a ƙasa. Bayan sadakar arba'in Mami ta sa aka kulle ɗakin. Ni na karɓi makullin da sunan zan riƙa sharewa. Ranar farko zama kawai na yi a kujerar, na ɗauki abin kunnensa, har lokacin akwai ƙamshin turarensa a jiki. Rana ta biyu na kunna. Tun daga nan ban daina ba. Da littafinsa mai baƙin bango na koya, shafi bayan shafi, har na kai ina jefa bam a cikin da'ira sau tara cikin goma. Abba ya san ina shiga. Bai taɓa tambayata ba, bai kuma taɓa taka bakin ƙofar ba.

Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba. Akwai bam mai jagora, wanda ke bin abin da aka nuna masa. Akwai kuma wanda ba ya ji ba ya gani, da ka sake shi shi ke nan, sai inda nauyinsa da gudun jirgi da iska suka kai shi. Irin wannan, sai matuƙi ya hau sama sosai, ya kifo hancin jirgi ƙasa digiri talatin, ya riƙe gudunsa kar ya ƙaru kar ya ragu, in ya iso tsayin da aka rubuta masa ya danna, nan take ya ja sanda ya tashi. Iska kuwa gaya masa ake yi kafin ya tashi, daga ina take, ƙarfinta nawa, shi kuma ya karkata saitinsa ta ɓangaren da take busowa. Kwamfutar jirgi tana iya yin lissafin, amma ana koya musu yi da ka da hannu, saboda ranar da za ta mutu musu a sama.

To, sai Aƙilu. Ɗan unguwar Gama ne, mahaifinsa malamin firamare mai ritaya. Yana bayan Yaya Haidar a makaranta da shekara uku, shi ma tuƙin yake koyo, yana matakin ƙarshe. Ta'aziyya ce ta fara kawo shi gidanmu, daga nan duk Sallah sai ya zo gaisuwa, har Abba ya koma ce masa ɗana. Bara ya furta yana sona. Ni kuwa na daɗe da kamuwa, tun ranar da na ga ya durƙusa yana gyara wa Abba takalmin da ya juya a bakin falo ba tare da kowa ya sa shi ba.

Abba likita ne mai ritaya, ba ya ɗaga murya. Da Aƙilu ya je masa da maganar, cewa ya yi, "Ba ni da abin cewa a kan halinka. Amma na binne ɗa ɗaya saboda jirgi, ba zan zauna ina jiran irin wannan wayar a kan mijin 'yata ba. Ka koma aikin ƙasa, ka turo magabatanka gobe. In kana sama, ka yi haƙuri." Ni kuma ya ce ba zai tilasta mini kowa ba, amma wannan ɗin ba da yawunsa ba. Wata goma sha ɗaya muna a haka. Ƙanwata Suhaila ta yi aure har ta haihu, kuma duk ranar da ta zo da jaririn sai Mami ta miƙo mini shi tana kallona.

Ranar Laraba ta makon jiya, ina ofis, saƙonsa ya shigo.

"Najla, na sake faɗuwa."

"Subhanallahi. A wanne?"

"Jifan hannu, wanda ake kashe lissafin kwamfuta. Sau biyu ke nan. Malaminmu ya ce Alhamis mai zuwa ce ta ƙarshe. In ban ci ba za a mayar da ni aikin ƙasa."

Na karanta kalmomi biyun nan na ƙarshe ya fi sau ashirin. Aikin ƙasa. Wallahi ban roƙa ba, ban ma taɓa tunanin akwai wannan ƙofar ba, sai ga ta a buɗe. Na rubuta masa "Allah ya ba ka sa'a" alhali ban san wace sa'ar nake nufi ba.

Sai ga wani saƙon. "Ko Mami za ta yarda in zo ranar Asabar in gwada a kan similetar Yaya? Ke kin fi duk 'yan ajinmu iya abin nan. Ki duba mini inda nake kuskure."

Da na koma gida na sami Mami a kicin tana yanka alayyahu, na gaya mata duka. Ta ajiye wuƙar, ta ɗaga hannu sama, ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Amma na ga murmushin da take dannewa. Ta ce ya zo, Baba Larai ta zauna da mu, kar wata rana ya ce mun hana shi ƙoƙarinsa. Baba Larai mai girkinmu ce, 'yar Ringim, ita ta goya mu dukanmu.

Ranar Asabar tun hantsi na shiga ɗakin na shirya masa filin atisaye a kwamfuta, da'ira fara a tsakiyar fako. A takardar da zan ba shi na rubuta tsayin saki ƙafa dubu huɗu da ɗari biyar, iska daga gabas, mara ƙarfi. A cikin na'urar kuwa na sa ta daga yamma, na ninka ƙarfinta sau huɗu. Na kashe hayaƙin da bam ke tayarwa, don kar ya ga inda yake karkata ya gane. Ina yi ina ce wa kaina ai ba cutarsa zan yi ba. Gwiwarsa ce kawai za ta yi sanyi, ya je ranar Alhamis ya faɗi a similetar makarantarsu, a ba shi tebur da kujera, ya rayu, ya tsufa, ya ga jikokinsa. Har na ce wata rana zan ba shi labari mu yi dariya. Kun ji irin ƙaryar da mutum ke yi wa kansa.

Na yi wanka na sa doguwar rigar atamfa ruwan toka mai ɗigon shuɗi, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli. Sau biyu ina goge jambaki ina sake sawa. Bayan Azahar Malam Musa maigadi ya buɗe masa get. Farin yadi ne a jikinsa da hula baƙa, ya yi sabon aski, amma ya rame, har ƙashin wuyansa ya fito. Ya shiga ya gaida Mami, sannan muka zagaya baya. Baba Larai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa da farantin zogale tana tsinka.

Ya daɗe a tsaye yana kallon kujerar kafin ya zauna.

"Ban taɓa zaton zan zauna a nan ba," ya ce a hankali.

"Bismillah. Ga takardarka."

Ya karanta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sa abin kunne. Ni na zauna a teburin gefe da ƙaramar kwamfutata, ni ce mai kula da fili, ni ke faɗa masa inda bam ya faɗa. Ban taɓa ganin yana tuƙi ba sai ranar. Hannunsa a kan sanda kamar mai riƙe da alƙalami. Ya hau, ya juyo, ya kifo hanci, digiri talatin cif, gudun bai motsa ba. A dubu huɗu da ɗari biyar ya danna ya ja. Babu abin da zan gyara masa, ko ɗaya.

"Nawa?" ya tambaya.

"Mita casa'in, ta gabas."

Ya sake duba takardar. "To. Bari in gyara."

Ya zagayo, ya karkata saitinsa yamma kamar yadda duk mai hankali zai yi. Ni kuwa kafin ya kifo na sa yatsa na juya iskar. Bam ya faɗa mita ɗari da ashirin ta ɗaya ɓangaren.

Haka muka yi sau shida. Ya gyara, in juya. Ya gyara, in juya. Fanka na kaɗawa amma bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ya daina tambayata nawa, sai dai in faɗa ya gyaɗa kai. A na biyar na ji yana cewa, "Ya Allah, me ya same ni," ba da ni yake ba. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen hannuna. Na ce a raina saura kaɗan, Najla, ki daure, saura kaɗan ya haƙura.

Bai haƙura ba. A zagaye na bakwai na ga ya wuce tsayin saki bai danna ba. Dubu huɗu. Dubu uku da ɗari biyar. Sannan ya saki.

"Ka sauka da yawa," na ce.

"Na sani. Nawa?"

"Arba'in."

Ya gyara zama. Ni ban yi wannan lissafin ba, alhali na san shi sarai: in ka saki bam kusa da ƙasa, iska ba ta samun lokacin da za ta ture shi. Na takwas ya sauka dubu biyu da ɗari biyar, mita goma sha biyar. Ya juyo ya kalle ni, karo na farko da na ga haske a idonsa tun zuwansa.

"Kin gani?"

"Aƙilu, ba haka ake yi ba."

"Bari dai ki gani."

Na tara ya kifo, na ga da'irar tana girma tana cika allon tsakiya. Dubu uku. Dubu biyu. Muryar macen da aka naɗa a na'urar jirgin ta fara gargaɗi da Turanci, ja sama, ja sama. Bai ji ta ba. Ya sunkuyo gaba, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Ya danna, ya fizgo sanda har ta bugi cikinsa. Hancin ya fara ɗagowa, sai allon uku suka yi ja, suka yi baƙi.

Farantin Baba Larai ya kife. "Innalillahi," ta ce, ta dafe ƙirji. Ba ta san komai a kan na'urar ba, amma ta san abin da ta gani.

Ni kuwa shekara huɗu ina tambayar kaina yadda fuskar Yaya Haidar take a daƙiƙarsa ta ƙarshe. Ranar na gani.

Aƙilu ya cire abin kunne ya share goshi. Har da 'yar dariya. "Ya shiga tsakiya, ko?"

"Ya shiga. Kai ma ka shiga ƙasa."

"Daƙiƙa ɗaya na makara. Amma na gano bakin zaren, Najla. Duk sanda na ƙara sauka, kuskuren yana raguwa. Ba zan kai wannan ba, ba hauka nake ba. Ranar Alhamis ƙafa dubu ɗaya ko dubu da ɗari biyar zan ƙara sauka kawai, in ja da ƙarfi."

Na juyo na kalle shi. "Malaminku yana zaune a bayan similetar yana kallon tsayinka. Zai kayar da kai."

Ya kalli hular da ke gwiwarsa, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ba simileta ba ce," ya ce. "Wata biyu ke nan da muka gama da ita. Sama muke tashi. Ni kaɗai a jirgi, Malam a wani jirgin yana biye da ni daga nesa. Ban gaya miki ba ne saboda Yaya. Na san ba za ki yi barci ba."

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Awa ɗaya da rabi na zauna, da kwalliyata da turarena, ina koya wa mutumin da nake so hanyar da wana ya bi ya mutu. Kuma ya koya. Ya gode mini ma da ido.

Zan iya yin shiru in ce masa kawai kar ya sauka. Na san ba zai ji ba, don da idonsa ya ga abin yana aiki. Abu ɗaya ne zai cire masa wannan darasin daga ka.

Na juyo masa da kwamfutar. "Karanta nan."

Ya matso ya duba. Ya kalli takardar da na ba shi. Ya sake duba allon.

"Na'urar ce ta rikice?"

"Ni ce."

"Ban gane ba."

"Ni na sa. Duk zagaye ina juya ta. Jifanka na farko daidai ne, da na biyu, har na shida. Babu kuskuren da ka yi." Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya ƙarasawa ba. "So nake ka faɗi. So nake a mayar da kai ƙasa Abba ya yarda. Na zaci a simileta za ku yi. Wallahi na zaci a simileta ne."

Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Bai yi ba. Kallona kawai yake, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Tun ina aji uku a firamare," ya ce, "in jirgi ya wuce ta saman Gama nake fita da gudu ba takalmi. Na gaya miki wannan."

"Ka gaya mini."

"Babana ya gaya wa duk 'yan masallacinsu ɗansa zai zama matuƙin jirgi."

"Aƙilu, ka yafe mini. Tsoro ne."

"Na san tsoro ne. Ni ma shi ke kayar da ni a can, ina kifowa sai in tuna Yaya, hannuna ya saki kafin lokaci. Shi ya sa na zo nan. Na ce in akwai inda zan samu nutsuwa, wajenki ne." Ya mayar da abin kunnen. "Sa mini ta gaskiya. Ki faɗa mini da bakinki."

Na sa. Na ce, "Daga yamma, mai matsakaicin ƙarfi." Hawaye na ɗiga a kan madannai. Ya tashi, ya kifo, ya saki a dubu huɗu da ɗari biyar. Mita takwas. Ya sake, mita goma sha ɗaya. Ya sake, mita biyar. Sannan ya kashe injin kamar yadda ake kashe na gaske, maɓalli bayan maɓalli, ya miƙe ya sa hularsa.

"Baba, na gode. A ce wa Mami na wuce."

"Ga dambu can an zuba maka, ɗan nan."

"Alhamdulillah, Baba. Wani lokacin."

Ko inda nake bai kalla ba. Na ji ƙarar get, na ji tashin motarsa. Baba Larai ta gama tattara zogalenta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ni ban san me kuka yi da injin nan ba. Amma yaron nan ba haka ya shigo ba. Je ki wanke fuskarki kafin Hajiya ta gan ki."

Daga Asabar zuwa Laraba na tura masa saƙo talatin da ɗaya. Na ƙirga. Duk yana buɗewa, ba ya amsawa. Na kira sau huɗu, tana shiga har ta katse. Abinci ya daina wuce mini, Mami ta zaci zazzaɓi ne ta haɗa ni da magani. Abin da ya fi cina ba fushinsa ba ne. Tunanin nake, in ya kifo ranar Alhamis, ya ga saitin ya ɗan kauce, wanne zai tuna, jifa ukun ƙarshe, ko wancan da ya shiga tsakiya? Hannu ba ya manta abin da ya taɓa yi masa aiki.

Ranar Laraba da yamma na buɗe littafin Yaya Haidar, na nemo wani shafi da ya rubuta da jan biro ya ja layi biyu a ƙasa: "In ba ta daidaita ba, kar ka bi ta ƙasa. Tashi ka sake zagayowa." Shi da ya rubuta bai bi ba. Na ɗauki hoton na tura wa Aƙilu. Na rubuta, "Ko ba za ka sake yi mini magana ba har abada, ka ji wannan. Ba tawa ba ce, tasa ce." Na ga ya buɗe.

Alhamis ban je aiki ba. Wajen ƙarfe goma na ji rugugin jirage biyu sun ratsa ta saman unguwa, gilasan taga suka amsa. Mami ta ƙara muryar rediyo, haka take yi duk sanda suka wuce. Na shige ɗaki na shimfiɗa sallaya. Ban iya haɗa addu'a mai tsari ba. Abu ɗaya nake ta maimaitawa, ya Allah ka sauko da shi, ko ba nawa ba ne, ko zai auri wata in je bikin in yi rabon abinci, ka dai sauko da shi. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan sai in miƙe in kasa kunne. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu. Aka kira Azahar.

Ƙarfe biyu saura ashirin wayata ta yi haske.

"Na sauka lafiya. Na ci. A na biyu saitin ya kauce, na tashi na sake zagayowa."

Na kifa goshina a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Yaya. Ina cikin yi wani saƙon ya shigo.

"Gobe bayan Juma'a zan zo wajen Abba. Wajensa zan zo, ba wajenki ba."

Na rubuta, "Me za ka ce masa?" Bai buɗe ba.

Na san abu ɗaya, ba zan bari Abba ya ji daga bakin wani ba. Bayan La'asar na same shi a barandar gaba, yana zaune a kujerar roba da jallabiya ruwan ƙasa, yana duba jarida da tabarau a kan hanci. Na durƙusa a gefen ƙafarsa.

"Abba, na yi wani abu."

Ya ninke jaridar. Na gaya masa komai, tun daga saƙon Laraba har baƙin allo. Ban rage ba, ban gyara ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya cire tabaran ya riƙe a hannu.

"A ƙafa nawa ya saki, wancan da ya faɗi?"

Ban zaci wannan tambayar ba. "Dubu ɗaya da ɗari shida."

"Haidar dubu ɗaya da ɗari huɗu," ya ce. Ashe ya haddace. Ashe duk shekarun nan yana ɗauke da lambar a kansa, mu muna zaton ko buɗe takardar binciken bai yi ba.

Malam Musa yana ba fulawoyi ruwa can wajen katanga, ƙarar tiyo kaɗai ake ji.

"Kin yi babban laifi, Najla."

"Na sani, Abba."

"Amanarsa ya kawo miki." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Amma ni na ajiye ki a inda sai ya faɗi za ki samu abin da kike so. Ban yi tunanin haka ba lokacin da nake magana. Kaina kawai na duba."

"Abba, ina ganin janyewa zai zo yi."

"Yana da hakkin haka."

"In ya janye ban san yadda zan yi ba."

Ya ɗora hannu a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina sakandare. "Ban ce miki na daina jin tsoro ba. Ba na jin zan daina har in mutu. Ki bar ni da shi goben. Ni zan fara magana."

"Me za ka ce masa?"

"Ban sani ba tukuna. Tashi ki je ki ci abinci."

Yau Juma'a. A tsaye nake rubuta muku wannan, jikin tagar ɗakina ta sama, da hijabin sallata ban ko cire ba. Mami ta leƙo sau biyu ta koma, ita ma Abba ya gaya mata, kunun gyaɗa kawai ta aiko mini da shi. Ƙarfe uku saura kwata Malam Musa ya buɗe get. Shi kaɗai ne a motar, ba baffa ba aboki. Shadda ruwan sararin sama ce a jikinsa. Ya fito ya rufe ƙofa, bai ɗaga kai ya dubi tagata ba, alhali ya san nan nake tsayawa duk ranar da zai zo.

Abba ba ya fita tarar kowa. Ko manyan abokansa a falo suke samunsa. Amma ina kallo ya fito da babbar rigar masallacinsa, ya sauko matakala uku, ya taka har gaban motar. Aƙilu ya yi sauri zai durƙusa, Abba ya riƙo kafaɗunsa da hannu biyu ya hana shi kaiwa ƙasa. Ban ji abin da ya ce masa ba. Na dai ga Aƙilu ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan suka juya suka shiga ciki, hannun Abba yana riƙe da nasa.

Minti arba'in ke nan da rufe ƙofar falon. Har yanzu ba a kira ni ba.